Lamba da Laƙabi a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Duk wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba ya rasa ganin dutsen Kwatarkwashi, yana tsaye ƙiƙam, gari na kwance a gindinsa. A ƙarshen watan Fabrairu na 1903, a dajin wannan yanki, aka yi wani karo wanda bai kai rabin yini ba. An daɗe da share jinin, amma tambayar da karon ya bari tana nan: da wane suna ake kiran mutumin da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri bai kauce ba, kuma wa ke da bakin raɗa masa sunan?

Kano ta riga ta faɗa hannun Turawa tun ran 3 ga watan, lokacin Sarki Alu ya tafi Sakkwato. A hanyar komowa labari ya iske ayarinsa, kai ya rabu. Sarki ya yi arewa. Wambai Abbas ya ja wasu zuwa Kano, ya miƙa wuya, daga baya Turawa suka naɗa shi sarki. Waziri Ahmadu kuwa ya ƙi gudu, ya ƙi sallamawa. Shi da waɗanda suka rage tare da shi suka yi kiciɓis da wata 'yar ƙaramar rundunar Turawa ƙarƙashin Laftana Wallace Wright, saurayi ɗan shekara 27. Sanarwar da gwamnatin Ingila ta buga bayan 'yan watanni ta ce Wright na tare da hafsa ɗaya da sojoji 44, kuma sun yi sa'a biyu suna tare sukuwar mahaya 1,000 da dakaru 2,000. Ƙidayar ta wanda ya yi nasara ce, da alƙalaminsa ya rubuta ta. Abin da kowane ɓangare ya yarda da shi shi ne cewa barade sun yi ta kai hari da takobi da mashi a bakin bindiga, suna zubewa suna sake taruwa, kuma Waziri a nan ya kwanta dama.

Wright ya samu Victoria Cross, lambar yabo mafi girma da Ingila ke bai wa sojanta. Waziri Ahmadu, Kanawa ba su da tagullar da za su maƙala masa a ƙirji, sai suka ba shi laƙabi, har gobe da shi ake kiransa: Mai Shahada. Su kuwa sojoji 44 ɗin, baƙaƙen fata 'yan ƙasa na rundunar da Hausa ce harshen barikinta, su ma sun samu lamba. Sai dai ba irin ta Wright ba.

Kalmar lamba baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Daga Ingilishi ta shigo, inda ma'anarta ba ta wuce ƙidaya ba, kuma bariki na cikin ƙofofin da ta biyo. Ranar da aka ɗauki kurtu ake ba shi lamba, da ita ake kiransa wajen albashi, da ita ake nemansa in ya ɓace, ita ake rubutawa in ya mutu. Daga nan Bahaushe ya ja ta ya shimfiɗa: lambar mota, lambar gida, lambar waya, abu in ya yi kyau ƙwarai a ce lamba ɗaya ne. Sannan ya ɗora mata wani nauyin da ba ta zo da shi ba, ya ce lambar yabo, lambar girma. Tsofaffin sojoji suna da kalmarsu ta minda, amma lamba ce ta ci kasuwa. Ta haka kalma guda ta rungumi abubuwa biyu masu hannun riga: ƙidayar da ke narkar da mutum cikin dubu, da ɗan ƙarfen da ke tsamo shi daga cikin dubun. A Kwatarkwashi mutum ɗaya ya tafi da ma'ana ta biyu, 44 suka tsaya a ta farko.

Ita kanta Victoria Cross an ƙirƙiro ta ne don gyara irin wannan rashin daidaito. A Yaƙin Kirimiya, wanda Ingila da Faransa da Daular Usmaniyya suka gwabza da Rasha daga 1853 zuwa 1856, masu aika wa jaridu labari daga fagen fama suka riƙa bayyana wa mutanen Landan abin da ƙananan sojoji ke sha na sanyi da cuta da wuta, da kuma abin da suke yi na bajinta ba tare da kowa ya san sunansu ba. Manyan lambobin girma na lokacin na manyan hafsoshi ne. Sai ran 29 ga Janairu 1856 Sarauniya Victoria ta sa hannu a kafa wata sabuwa wadda ba ruwanta da muƙami, ko daɗewa a aiki, ko gidan da mutum ya fito. Da gangan aka ƙera ta da tagulla maimakon zinariya, don kada darajarta ta zama ta ƙarfen. Farabiti da janar, iri ɗaya za a ba su.

Akwai wani ɗan gyara da Sarauniyar ta yi wanda ya cancanci mai son harshe ya tsaya a kansa. Kalmomi uku aka shirya rubutawa a fuskar lambar, ma'anarsu "Don Jarumai". Ta ce a'a, a mai da su "Don Jarumta". Hujjarta ita ce rubutun farko zai nuna kamar waɗanda suka samu lambar su kaɗai ne jarumai, sauran duk ragwaye. Hausa ta fi Ingilishi fito da wannan bambanci fili, domin a wurinmu harafi biyu ne kawai suka canja a wutsiyar kalma. Jarumai jinsin mutane ne, ko kana ciki ko kana waje. Jarumta kuwa aiki ce, tana iya sauka a kan kowa, a wata sa'a, ta wuce. Mutumin da ya yi ta da hantsi yana iya kwana yana makyarkyata da dare, kuma hakan bai rage komai daga abin da ya yi ba. Gyaran Sarauniya ya yi daidai, kuma ya fi zurfi fiye da yadda masu raba lambar suka riƙa aiki da shi daga baya.

Mutumin farko da aikinsa ya jawo masa ita shi ne Charles Lucas, matashin jirgin ruwan yaƙi mai suna Hecla. A watan Yuni 1854 ƙwallon igwa ya faɗo tsakar jirginsu, lagwaninsa na ci. Aka yi ihu kowa ya kwanta. Shi ya ruga ya sungume shi ya wurga teku, ya fashe kafin ya taɓa ruwa. Ran 26 ga Yuni 1857 Sarauniya, tana bisa doki a filin Hyde Park, ta maƙala wa mutum 62 lambar da hannunta. Daga ranar zuwa yau waɗanda suka same ta ba su kai 1,400 ba, cikin miliyoyin da suka sa kaki, kuma mutum uku kacal suka same ta sau biyu. Biyu daga cikin ukun, Arthur Martin-Leake da Noel Chavasse, likitoci ne. Ba don kisa aka ba su ba, don kwaso masu rauni ne a inda harsashi ke zuba.

To, ina Hausa ta ajiye irin waɗannan mutane? Rumbunta cike yake. Akwai jarumi, wanda a wasu bakunan ake ce wa zarumi. Akwai barde, mayaƙin da ke bisa doki, da sadauki wanda ake tuna shi in gari ya shiga uku, da gwarzo wanda ba a kai bayansa ƙasa. Akwai bajinta, wadda kunne ke jin amon bijimi a cikinta. Akwai namiji, kalmar da ta tashi daga jinsi ta koma hali, har a ce mace ta yi namijin ƙoƙari ba wanda zai ga baƙon abu. Masu magana sun ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa. Sarautu ma sun ɗauki rabonsu: Barde, Jarma, Garkuwa, Madawaki, Sarkin Yaƙi, Ƙaura a Katsina. Kowanne da takensa a bakin ganga, da kirarinsa a bakin maroƙi.

Amma in aka dubi kalmomin da kyau, akasarinsu a kan doki suke. Suna sanye da sulke da lifidi da kwalkwali, ana busa musu, ana zuga su. Dakare, wanda ya tafi yaƙi da ƙafarsa da kwari da baka, kalmarsa aikinsa kawai take faɗa, ba ta yabe shi ba. Wannan ya sa bai kamata a ɗora wa Turawa kaɗai laifin mantuwa ba. Idan sanarwar Landan ta dunƙule sojoji 44 cikin ƙidaya, tarihin da ake karantarwa a gida shi ma sunayen masu rawani ya riƙe daga waccan rana. Dakarun da suka bi Waziri a ƙasa, waɗanda su ma iyaye ne suka haife su, kuma wuta ɗaya ta ci su da barade, jimla ɗaya ake yi musu a wuce. Maroƙi yana bin inda kyauta take, magatakarda yana bin inda iko yake, talakan soja yana faɗawa tsakanin su biyun.

Kirari da takardar yabon soja sun sha bamban a wani wurin kuma. Kirari da ƙarfi ake yinsa, sau da yawa mai shi ne ke yi wa kansa, kamar yadda ɗan tauri ko ɗan dambe ke yi kafin a kara, kuma ƙari a cikinsa ado ne, ba wanda ke kiransa ƙarya. Takardar Victoria Cross kuwa a bushe ake rubuta ta, da rana da wuri da abin da ya faru, kuma bisa al'ada sai an samu shaidun gani da ido har uku. Wannan sharaɗi yana kare lambar daga zuƙi-ta-malle, amma yana da nasa asarar. Wanda ya yi bajintarsa a inda duk shaidu suka mutu, ko a inda shaidun ba masu riƙe alƙalami ba ne, ya yi ta ne don Allah da abokansa.

Duk da haka ƙofar ta ɗan buɗe wa waɗanda ba Turawa ba, kuma biyu daga cikin labaran farko a Afirka ta Yamma suka faru. A 1866, a ƙasar Gambiya, wani farabiti baƙar fata daga tsibirin Tortola mai suna Samuel Hodge ya yi ta saran kafin wani gari da gatari ana harbinsa, har ya buɗe hanya. A watan Maris 1892, a garin Toniataba na Gambiyar dai, las kofur William Gordon, mutumin Jamaika, yana cikin masu dukan ƙofar gari da gungume sai ya hangi bakunan bindigogi sun leƙo ta kafofin bango, sun auna Manjo Madden da ya ba su baya. Ya ture manjon, ya shiga tsakani, harsashi ya huda masa huhu. Ya rayu, ya karɓi lambarsa, ya koma Jamaika har zuwa rasuwarsa a 1922. Abin da Gordon ya yi jarumta ce tsantsa, ba mai musun haka. Amma mai karatu a wannan yanki ba zai kasa tuna cewa a bayan bangon nan akwai mutanen da ke kare gidajensu ba, kuma jikan bayin da aka kwasa daga gaɓar nan ne aka dawo da shi ya fasa musu ƙofa. Lamba tana auna sa'a ɗaya ta rayuwar mutum. Ba ta tambayar ko yaƙin da aka aike shi na gaskiya ne.

Sojojin Indiya sai 1911 aka ce sun cancanta. Na farkonsu Musulmi ne, Khudadad Khan, ɗan wani ƙauye a yankin Punjab wanda yau ke cikin Pakistan. Ran 31 ga Oktoba 1914, a Hollebeke ta ƙasar Beljiyam, yana cikin masu sarrafa bindiga mai jigida lokacin da Jamusawa suka yi musu ca. Aka kashe abokan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, shi ma aka ji masa rauni, bai bar bindigar ba sai da aka mamaye wurin. Suka ɗauka gawa ce suka wuce. Da dare ya yi, ya ja ciki ya koma wurin 'yan'uwansa. Ya rayu har 1971.

Sai Lachhiman Gurung, Bagurke daga duwatsun Nepal, gajere ƙwarai, wanda tsayinsa bai kai ƙafa biyar ba. A daren 12 ga Mayu 1945, a Taungdaw ta ƙasar Bama, Japanawa suka auka wa ramin da yake gadi. Gurneti ya faɗo, ya ɗauka ya mayar. Na biyu ya faɗo, ya mayar. Na uku ya fashe a hannunsa, ya tafi da yatsunsa na dama, ya ragargaza masa hannu da fuska. Abokansa biyu na kwance cikin jini. Da hannun hagu kaɗai ya riƙa ɗura bindiga yana harbi har sa'a huɗu. Da gari ya waye aka ƙirga gawa 31 a gaban raminsa.

In Bahaushe zai ba da waɗannan labarai biyu a zaure, da wuya ya fara da barde ko sadauki. Abin da zai fito daga bakinsa shi ne: ya tsaya. Ya cije. Ya daure. Ƙananan kalmomi ne na yau da kullum, waɗanda ake faɗa wa mai naƙuda da manomin da damina ta yi wa gardama, kuma su suka fi dacewa da ƙaramin soja. Akwai kuma ƙarfin hali, wadda ta fi duk sauran gaskiya, domin ita kaɗai ce ta yarda cewa tsoron yana nan. Ba a cewa zaki ya yi ƙarfin hali. Wanda gabansa ke faɗuwa, ƙafarsa na son gudu, ya hana ta, shi ake faɗa wa haka. Tsoro na daji, kunya na gida, in ji masu magana, kuma sau da yawa abin da ke riƙe soja a raminsa bai wuce kunyar idon abokin da ke kwance kusa da shi ba.

A dajin Bama ɗin nan da Gurung ya yi suna, akwai dubun-dubatar sojojin Afirka ta Yamma. Runduna ta 81 ta yi fama a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, suka haɗu suka karɓe Myohaung a Janairu 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin mayaƙan Chindit da aka sauke a bayan abokan gaba. Da yawansu daga Arewa aka ɗebo su, da waɗanda Hausa ce harshen uwa da waɗanda a bariki suka koye ta. Cikinsu har da 'yan dako, waɗanda suka ɗauki albarushi da abinci da masu rauni a ka, suna hawa tsaunukan da mota ba ta shiga, galibi ba ko bindiga a hannunsu. Cikin duk baƙaƙen sojojin rundunonin Ingila na Afirka ta Yamma da ta Gabas, a yaƙin duniya na farko da na biyu da yaƙe-yaƙen da suka gabace su, ba ko ɗaya da ya samu Victoria Cross. An ma daɗe ana ba su wata lamba ta dabam da aka keɓe wa 'yan Afirka. Ba mai hankalin da zai yarda cewa a cikin wannan taro duka jarumta ba ta taɓa sauka a kan kowa ba. Abin da Sarauniya ta guda a rubuce, shi aka yi a aikace: aka mai da lambar ta wani jinsin mutane.

Wanda ya fi kusa da tsira daga mantuwa shi ne Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara aikin soja ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, Turawan Ingila suka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunarsu, ya kai muƙamin babban samanja. Ya yi yaƙin Habasha, inda ya samu lambar Military Medal, ya je Bama, ya ajiye aiki a 1953. Yau akwai barikin soja mai sunansa a Lakwaja, garin da Turawa suka tsare Sarki Alu har rasuwarsa a 1926. Sauran kuwa sunayen wuraren da suka zubar da jini ne suka dawo gida a madadinsu. Mai hawa a-daidaita-sahu a Kaduna yana cewa a sauke shi Dalet ko Kalapanzin, na Zariya ya ce Chindit, na Legas ya ce Dodan ko Arakan, ba lallai ya san yana ambaton Bama ba ne.

Kalmomin su ma sun yi tafiya tun daga lokacin. Yau in aka ce jarumi ko jaruma a gidan rediyo, hankalin matashi Kannywood yake tafiya, wurin wanda ya fito a fim. Gwarzo ya koma filin ƙwallo da zauren ba da kyaututtuka, ana zaɓen na shekara. Ba abin baƙin ciki ba ne harshe ya bi mutanensa inda suka koma, kuma al'ummar da jarumanta ke gaban kyamara ta fi wadda nata ke cikin rami kwanciyar hankali. Sai dai akwai 'yar asara: in saurayi ɗan Gumel ko Biu ya tsaya a bakin aikinsa a dajin Sambisa har ransa ya fita, kalmar da za a yabe shi da ita ta riga ta sha hannu. Abin mamaki, dakare ne ya farfaɗo. Masu fassara labarai suka tono jam'insa, yanzu kullum ana jin dakaru sun yi kaza, dakaru sun kai hari. A jam'i ya dawo, kamar yadda ya tafi.

Akwai wata kalmar da Hausa ta ƙera da kanta wadda ba ta bambanta mai lamba da marar lamba: mazan jiya. Ta ba su mazantaka gaba ɗayansu, da samanja da farabiti da ɗan dako, ba ta nemi shaidu uku ba. Amma jiyan da ke cikinta tana da kaifi, don tana iya nufin girmamawa, tana kuma iya nufin an wuce wurin. A Nijeriya ran 15 ga Janairu ake tunawa da su, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana fareti, ana ajiye furanni a gaban gunkin sojan da ba a san sunansa ba, ana sakin fararen tantabaru. 'Yan tsirarun tsofaffin da suka rage sukan zo da mindodinsu a ƙirji, an goge su sun yi ƙyalli. Da yawansu ido ya tafi, ƙafa ta yi nauyi, amma in aka tambayi ɗayansu lambarsa ta soja, sai ya gyara tsayuwa ya karanto ta tiryan-tiryan.